Nomau a Lambun Mai Latsa Kumatu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnuwa.

Ku ce ta zo mu ji ta. To, ta zo, kuma ba da wasa ta zo ba. Mai tsoro ya matso kusa da ɗan'uwansa.

Wani gari ne, ba zan faɗi sunansa ba, don ina da surukai a can. Mutanen garin nan Allah ya zuba musu kara, har ta yi musu yawa. Suna da al'adu biyu da ba a karyawa. Ta farko, baƙo ba ya mayar da hannun mai gida. Abin da aka miƙo maka ka karɓa ka cinye, ko da cikinka zai fashe. Ta biyu, baƙo ba ya tashi ya tafi sai mai gida ya ce, "Taso in raka ka." An ce wata mata ta taɓa shiga maƙwabta ɗibar wuta, matar gidan ta manta ba ta raka ta ba. Sai da goyon da ke bayanta ya fara tafiya da ƙafarsa sannan ta dawo gida.

Wata shekara sai fara ta sauka a ƙasar. Ta cinye ganye, ta cinye fure, ta cinye 'ya'yan itatuwa tun suna ƙanana. Hatsi yana rumbu, saboda haka yunwa ba ta kama kowa ba. Amma tuwo ne da safe, tuwo da rana, tuwo da yamma, miya kuwa ruwa da gishiri. Sai jikin mutane ya fara kai ƙara. Dasashi ya riƙa jini. Ciki ya ɗaure, mutum ya tsuguna tun hantsi har azahar babu labari. Rana na faɗuwa sai dundumi, ka ga dattijo ya durƙusa yana gai da turmi.

A garin akwai wani masaƙin tabarma, sunansa Nomau, siriri kamar tsinken tsire. Matarsa Gwamma ita ciwon ya fi kamawa. Haƙoranta suka fara girgiɗi, ɗan yankan wuƙa da ta yi a yatsa ya ƙi warkewa, har ta kai ba ta iya tashi. Sai aka kira wata tsohuwa mai magani. Ta buɗe bakin Gwamma, ta duba idonta, sai ta ce, "Wannan ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Ɗanyen abu jikinta yake nema. Lemu, gwanda, mangwaro, ko da tsamiya ce. In ba a samo ba, ba za ta ga damina ba."

Sai Nomau ya ɗauki kwando. Gwamma ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Maigida, ka dai san halinka da zaƙi. Ka ɗebo ka juyo."

Ya ce, "Haba, yaro ne ni?"

Sai ya kama hanya. Ya wuce gonaki, ya wuce fadama, ya shiga dajin da maharba ma ba sa kai wa. Duk itacen da ya duba, fara ta riga shi. Sai wata rana da hantsi ƙamshi ya doki hancinsa. Ya bi ƙamshin, sai ga shingen ƙaya, tsawonsa ya fi raƙumi da mahayinsa. A jikin shingen akwai 'yar ƙofa, matsattsiya. Nomau ya karkata, ya sulale ciki kamar zare a allura.

Jama'a, lambu ne. Mangwaro kowanne kamar ƙwaryar fura. Kankana, in an fafe ta jaki zai sha inuwa a ciki. Ayaba, gwaiba, lemu, dabino, gwanda, duk sun nuna lokaci ɗaya, suna ɗigar da ruwa. Amma babu kukan tsuntsu ko ɗaya. A ƙarƙashin itatuwan kuwa ga mutane kwance a kan tabarmi, ƙattai, fatarsu na sheƙi, ba mai magana sai numfashi.

Nomau ya ce, "Salamu alaikum."

Sai wata murya a bayansa, mai laushi kamar auduga, ta ce, "Maraba, maraba. Lale da baƙo."

Ya waiwaya. Wani dogon mutum ne da farar riga, ya rufe bakinsa da gefen rawani. Hannuwansa sun sauka har gwiwa, babban yatsansa kuwa faffaɗa ne kamar ludayi. Nomau ya lura ba a amsa masa sallama ba, amma ya ce a ransa kowane gari da irin gaisuwarsa.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, iyalina ce ba lafiya. Taimako na zo nema, ko da lemu kaɗan ne."

Mai lambu ya ce, "Kaɗan? Kwandonka zai cika. Amma dubi yadda ka bushe, baƙona. Zauna ka ci tukuna, sai in raka ka."

Sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa mangwaro da lemu da gwanda. Nomau ya ci, ya ci, ya ci. Kuma gaskiya, kada in ci haƙƙin 'ya'yan itace, abin ya yi masa rana. Kafin a jima dasashinsa ya daina jini. Cikinsa ya saki, ya je bayan itace ya dawo yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Idonsa ya washe, har yana hango ƙwaro a kan reshe bayan faɗuwar rana. Ya ce, "Wannan shi ne maganin Gwamma."

Da gari ya waye sai ya ce, "Baba, ina son in kama hanya."

Mai lambu ya ce, "Af, gobe zan raka ka. Karɓi wannan." Sai ya miƙo masa faifai cike da dabino da ayaba, da mangwaron da aka feraye aka yanka, ba sai ya wahala ba. Nomau ya dubi faifan, ya dubi ƙofa. An miƙo, ba a mayarwa. Sai ya karɓa.

Goben ta zo, ya ce, "Baba, iyalina fa."

Mai lambu ya ce, "Gobe, gobe. Tauna ma wahala ce, baƙona. Ga shi na matse maka." Sai ya miƙo ƙwarya cike da ruwan mangwaro da na kankana, an tace, an zuba zuma. Nomau ya kafa kai. Zaƙin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Daga ranar ya daina tambaya da ƙarfi, sai a hankali.

Ƙwarya da safe, ƙwarya da rana, ƙwarya da yamma. Sai wuyansa ya ɓace. Cikinsa ya riga shi zama. Ƙishirwa ta kama shi, irin wadda ko ya shanye rijiya ba ta tafiya. Fitsari kuwa, kafin ya dawo daga bayan itace wani ya matse shi. Haƙorinsa na ƙasa ya fara zogi. Barci ba dare ba rana. In ya tuna Gwamma sai ya ce, "Ai ba laifina ba ne, ba a raka ni ba."

Na kusa da shi a kwance wani maharbi ne, ana ce masa Korau. Nomau ya ce, "Ɗan'uwa, kai yaushe ka zo?"

Korau ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Na manta. Da can da ƙafa nake kama barewa."

"Ba ka marmarin gida?"

"Me ake ci a gida da ya kai wannan? In ba za ka shanye taka ba, turo min."

Kowace safiya mai lambu yakan zagaya baƙinsa. Ya tsaya a kan mutum, ya sa faffaɗan yatsan nan ya latsa kumatunsa, ya saki, ya duba. Sannan ya zaga bayan itace, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon inda mutumin ya yi fitsari. Nomau ya ɗauka kulawa ce. Ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya iya baƙo."

Wata safiya mai lambu ya latsa kumatun Korau, sai yatsan ya nutse, wurin bai taso ba. Ya zaga bayan itace. Nomau ya leƙa, sai ya ga wurin ya yi baƙi ƙirin da kiyashi, suna ta turmutsutsu. Mai lambu ya ja numfashi mai tsawo, rawanin bakinsa ya jiƙe. Sai ya ce, "Madalla. Korau, taso in raka ka."

Nomau har ya ji haushi. Ya ce a ransa, "Ni mai majinyaciya a gida an bar ni, an raka wanda bai ma nema ba."

Amma ba ƙofa suka nufa ba. Bayan wata bukka suka zaga. Shiru. Can sai Nomau ya ji wani sauti, irin na yaro in ya huda mangwaro yana zuƙa. Tsuuut. Tsuuut. Aka daɗe ana yi. Sannan aka yi gyatsa, har ganyaye suka motsa.

Sai wani abu ya faɗo masa a ka, ƙwallon dabino. Ya ɗaga ido, sai ga wani tsohon biri a kan reshe, bakinsa babu haƙori ko ɗaya a gaba.

Biri ya ce, "Malam, in kana da sauran ƙafa, je ka leƙa rakiyar da aka yi wa abokinka."

Nomau ya jira rana ta take, mai lambu ya shiga bukka ya kwanta. Ya rarrafa, yana haki, ya leƙa bayan bukkar. Ga fatun mutane an ninke su ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon ayaba. Ga ƙasusuwa an tsotse su fes, fari tas. A saman tarin ga fatar Korau, da layunsa na farauta a damtse, ko bushewa ba ta yi ba.

Nomau ya ja da baya. Ya rarrafo ya dawo gindin itacen, ya ce, "Malam biri, don girman Allah, mene ne wannan?"

Biri ya ce, "Kai kana tsammanin mangwaro yake nomawa? Ku yake nomawa. Shi ba ya cin ɗanyen mutum, sai jininsa ya koma zuma. Kiyashi ne 'yan aikensa. Ranar da suka taru a fitsarinka, ka nuna."

"To me ya sa ba ka faɗa wa sauran ba?"

"Na faɗa har muryata ta dushe. Kowa sai ya ce bari ya shanye ta hannunsa. Ga ƙofa can, tashi ka fita."

Nomau ya ce, "Haka kawai? Ba a raka ni ba? Me za a ce a garinmu?"

Biri ya dube shi. Sai ya ce, "Na ga wawaye iri-iri a lambun nan, amma wawa mai ladabi yau na fara gani. To zauna, za a raka ka."

Tsoro dai ya fi kunya ƙarfi a ranar. Nomau ya lallaɓa ƙofa. Ya karkata, kafaɗa ta shiga, ciki ya ce bai san zancen ba. Ya tura, ƙaya ta yage shi. Ya dawo ya zube yana kuka kamar yaro, yana kiran sunan Gwamma.

Biri ya sauko ya ce, "Share hawayenka, kada su ma su jawo kiyashi. Laifin ba na itatuwan ba ne. Ni a nan na tsufa, su nake ci. Da ƙuruciya na kwana a kan dabino, ka ga abin da ya rage a bakina. Tun daga nan na yi hankali. Ina cin ɗaya da ɓawonsa da zarensa, in yi tsalle, in sha ruwa, in haɗa da ganye. Kai kuwa an cire maka tauna, an bar maka zaƙi tsantsa, kana kwance kamar buhu."

"To yaya zan yi? In ya miƙo ba na iya mayarwa."

"Karɓa, tunda ciwon garinku ne. In ya juya baya, tuttular a magudanar ruwa, ta tafi da shi. Kada ka zubar a ƙasa. Ga shuwaka can a jikin shinge, ga garahuni. Ci har ka ji duniya ta yi maka ɗaci. In ya kwanta da rana, kama guga ka yi ta ban ruwa har gumi ya wanke ka."

Sai Nomau ya kama. Ya karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya yi godiya, ya tuttular. Ya tauna shuwaka yana hawaye. Ya ci gwaiba ɗaya da ɓawonta, ya gwagwiyi goruba. Rana na takewa ya kama guga, ido na kan ƙofar bukka. A hankali ƙishirwar ta ragu. Wuyansa ya fara leƙowa.

Mai lambu ya zo da safe, ya latsa kumatunsa. Ya zaga bayan itace, kiyashi biyu-uku ne kawai suke yawo. Ya ce, "Saura kaɗan, baƙona." Ya ƙara masa zuma.

Ya sake zuwa wata safiya, ya latsa. Kumatu ya taso da sauri. Ya zaga, babu kiyashi ko ɗaya. Sai ya ce, "Baƙona, ko abincina bai yi maka ba?"

Nomau ya ce, "Wane ni, Baba! Irin jikinmu ne, ba ma saurin kamawa."

A zuwa na uku bai latsa da yatsa ɗaya ba. Ya kama fuskar Nomau da hannu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya sunkuyo ya shinshina wuyansa. Numfashinsa sanyi ƙalau. Sai ya ce, a hankali, "Akwai irin ayabar da ba ta nuna a kan uwarta. Sai an sa ta a randa, an rufe da ganye, an liƙe baki. Ina da randa daidai kai. Bari in ɗan kishingiɗa, in na tashi sai in wanke ta."

Ya shiga bukka. Nomau ya ji minshari ya fara.

Ya tashi, ya cika kwando da lemu da gwanda da mangwaro. Ya bi ta kan mutanen da ke kwance yana raɗa musu, "Ku tashi, cinye mu ake yi!" Wani ya ce, "To, bari in shanye wannan." Wani ko ido bai buɗe ba. Nomau ya tura kwandon waje, ya karkata, ya fitar da numfashi, ya matsa. Ƙaya ta kwashi rabonta a bayansa, amma ya fita.

Biri yana kan shinge ya ce, "Gudu, Malam! Kada ka waiwaya!"

Nomau ya ɗauki kwando, ya fara gudu. Sai ya rage sauri. Sai ya tsaya.

Biri ya ce, "Me kuma?"

Nomau ya ce, "Na ci na mutum, na sha na mutum, na kwana a tabarmarsa. An yafe rakiya, amma in tafi ko sallama babu, kamar ɓarawo? Uwata ba ta haife ni haka ba."

"Kai, dawo nan! Mahaukaci!"

Ina! Ya riga ya koma. Ya dafa bakin ƙofa, ya ɗaga murya ya ce, "Baba mai lambu, na gode da karamci! Na bar ka lafiya!"

Minshari ya tsaya cak.

Sai ga hannu ya fito daga bukka. Jikin bai fito ba, hannun kawai. Ya miƙe kamar igiyar guga, ya ratsa lambun, ya bi ta kan masu barci, ya damƙe wuyan hannun Nomau. Sannan sauran jikin ya biyo, ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Rawanin ya zame. Babu leɓe, babu haɓa. Rami ne zagayayye kamar bakin tulu, da ƙananan haƙora layi-layi har can ciki, suna juyawa.

Muryar nan mai laushi ta fito daga ramin ta ce, "Baƙona, za ka tafi ban raka ka ba? Ɗanye ma zan ci yau."

Sai ya cusa ɗan yatsan Nomau a ramin. Ƙaras! Ya gutsure shi, ya zuƙa.

To, ku tuna wannan halitta tunda take ba ta taɓa ɗanɗana komai ba sai zaƙi. Jinin Nomau kuwa ya jiƙu da shuwaka da garahuni. Idanun mai lambu suka firfito. Ya saki hannun, ya dafe wuya, ya yi wani irin kakari da ya girgiza lambun, mangwaro suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara. Yana tofarwa yana birgima yana neman zuma.

Wannan karon ba sai biri ya yi magana ba. Nomau ya suri kwando ya zuba da gudu, jini na bin sa. Har ya fita dajin yana jin muryar a bayansa, tana nisa tana nisa, tana cewa, "Baƙona, dawo ka sha ko ƙwarya ɗaya."

Ya iso gida ya tarar mata sun cika ɗakin, an fara koke-koke a hankali. Gwamma ta zama ƙashi da fata, numfashi sama-sama. Ya durƙusa, ya ɓare lemu da hannun da ya rage masa lafiya, ya ɗiga mata a baki. Ta haɗiye. Ya ƙara. Da ta iya tauna ya ba ta gwanda, yanka ɗaya, da ɗan kunu. Haka ya yi ta yi, kaɗan-kaɗan. Abin da ya ragu ya raba wa maƙwabta, 'ya'yan kuma ya shuka a bayan gida. Dasashinta ya kama, yankan yatsanta ya rufe. Damina ta sauka ta same ta a tsakar gida tana daka.

Ranar da ta fara zama da kanta, ta dubi hannunsa ta ce, "Maigida, ina ɗan yatsanka?"

Ya ce, "Na ba da tukwici."

Ta ce, "Kuma me ya tsare ka haka?"

Ya ce, "Ci gwandarki, Gwamma." Ta miƙa hannu za ta ɗauki wani yankan, sai ya janye faifan ya ce, "Gobe ma rana ce. Sha ruwa."

To kun ji. Ɗan itace magani ne, wanda ya rasa shi jikinsa zai gaya masa. Amma ku ci shi da haƙoranku, da zarensa, ku tashi ku motsa, ku bar wa tuwo da ganye wurinsu. Wanda ya mayar da zaƙi abin kwanciya, ya ga ƙishirwa ta ƙi ƙarewa, fitsari ya hana shi zama, to kada ya jira gobe, ya nemi mai magani da ƙafarsa tun tana ɗaukarsa. Waɗancan da aka bari a lambun kuwa, ban ji an ce ko ɗaya ya dawo ba. Maharba sun ce har yau in iska ta juyo daga wannan dajin, ana jin ƙamshi, kuma ƙofar a buɗe take.

Ƙurunƙus, na tofar da ƙwallonta. Wanda ya tsinta kada ya tsotsa.